Sai An Auna Dutse Kafin A Ba Shi Ajiya

Tun shekara ta 1971 ƙasar Nijar take haƙo ƙarfen uraniyom a Arlit tana sayar wa ƙasashen waje. Jama'a da yawa sun san inda ƙarfen yake zuwa: ana tace shi, a ƙera sanduna da shi, a zura su cikin tukunyar tashar nukiliya, su ba da zafin da ke juya injunan wutar lantarki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne makomar sandunan bayan sun gama aiki. Sanda takan yi ƴan shekaru cikin tukunya, sa'an nan a fid da ita. Amma ko da aka fid da ita tana nan da zafinta, tana kuma fitar da wani tururi wanda ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙa, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya tsaya kusa da ita ba kariya, ya halaka. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke cikinta, watau pulutoniyom 239, sai ya shekara dubu 24 kafin rabinsa ya gushe.

Babu gini, babu gwamnati, babu ma harshen da ɗan Adam yake da tabbacin zai kai wannan lokaci. Saboda haka masana na ƙasashe da dama suka tsai da shawara cewa a kai wannan shara can ƙarƙashin ƙasa, zurfin mita ɗari huɗu ko biyar, a ba dutse ajiyarta. Cikin duwatsun da aka fi sa wa rai akwai wanda ake kira giranit. To, mai hankali ba ya ba da ajiya sai ga wanda ya san halinsa. Shi ya sa tun shekaru kusan hamsin da suka wuce ake ta auna wannan dutse, ana so a san yadda yake yi in an haƙa rami a cikinsa, in an ɗora masa zafi, in kuma tururin nan ya buge shi. Abin da awon ya nuna ya cancanci ma'aikatan ƙasa da sauran masu karatu su san shi.

Giranit ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Shi ne manyan duwatsun da suka yi wa birnin Damagaram ado, akwai shi a tsaunukan Azbin, akwai shi a yamma wajen Tera. Dutse ne da ya narke can cikin ƙasa, ya huce sannu a hankali cikin dubban shekaru, ya daskare ya zama dunƙule guda. Ruwa ba ya ratsa jikinsa. Amma duk mai haƙar rijiya a ƙasar Damagaram ya san wani abu kuma: in an sami ruwa a cikin wannan dutse, to a tsaga aka same shi. Wani ya haƙa nan ya tarar da ƙura, wani ya matsa taki hamsin ya faɗa kan jijiya. Wannan sani na masu rijiya shi ne gindin maganar gaba ɗaya, domin ruwa ne kaɗai zai iya cinye tulun da aka zuba sharar a ciki, ya kwashi gubar ya kai ta rijiyoyin mutane. Tambayar da masana suke yi ita ce: haƙa da zafi da tururi suna buɗe tsaga ne, ko suna rufe ta?

A fara da haƙa. Dutsen da ke zurfin mita 420 yana ɗauke da nauyin duk abin da ke bisansa. In an auna fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, nauyin da ke kansa ya kai tan 1100, kwatankwacin buhun hatsi dubu 11 mai kilo ɗari ɗari. Muddin ba a taɓa shi ba, kowane yanki na dutsen yana jingine da maƙwabcinsa, zama lafiya. Ran da aka haƙa hanya a ciki, nauyin da ke kan abin da aka kwashe sai ya koma kan bango da rufi da daɓe. Nan ne dutse yake motsawa, yana iya ɓantarewa, tsofaffin tsagogi kuma su saki baki.

Zafi kuwa kumbura dutse yake yi. Giranit mai tsawon mita 10, in zafinsa ya ƙaru da digiri 50, yakan miƙe kamar milimita 4. Abin kamar ba kome, amma dutsen da ke matse ta ko'ina ba shi da wurin miƙewa, sai matsin ya ƙaru. Bugu da ƙari, ƙwayoyin da suka haɗu suka yi giranit ba su kumbura daidai da juna, wasu sun fi wasu, sai ƙananan tsagogi su buɗe tsakaninsu. Masu fasa dutse da suke hura wuta bisa fa har ya ɓare sun daɗe da sanin wannan. Shi kuma tururin nukiliya ba ya nisa cikin dutse, ƙasa da mita ɗaya yake tsayawa, amma yana sauya launin ƙanƙarar da ke ciki ta yi duhu, yana kuma wargaza ruwan da ya tarar har ya zama mai cin ƙarfe.

Duk wannan ana iya lissafa shi bisa takarda, ana kuma iya yanko guntun dutse a matse shi a ɗakin bincike. Amma guntu ba shi da tsaga, dutsen da ke cikin ƙasa kuwa cike yake da ita. Don haka sai da masana suka sauka da kansu cikin rami da kayan awo. Suna huda rami siriri, su zura sandunan ƙarfe su kafe kowace a zurfi dabam, ta yadda in dutsen ya motsa ko da kaurin gashi ne, kan sandar zai nuna. Suna binne ma'aunin zafi a wurare ɗaruruwa. Akwai wata na'ura mai waya ɗaure tamau kamar tsirkiyar molo, wadda muryarta take sauyawa in matsin dutse ya ƙaru ko ya ragu. Akwai kuma wasu masu kama da kunne, da ake mannawa su saurari ƙarar fashewar da mutum ba ya iya ji.

Gwaji na farko mai girma a ƙasar Suwidin aka yi shi, a wani tsohon ramin tama da ake kira Stripa. Daga shekara ta 1977 masanan Suwidin da na Amurka suka shiga giranit ɗin da ke gefen tamar, zurfin mita 340 ko kusa da haka, suka kafa na'urorin ɗumama na lantarki, ɗaya mai kilowat 3,6 ɗaya mai kilowat 5, a madadin tulunan shara, suka bar su suna ci fiye da shekara guda. Zafin ya bazu cikin dutsen kusan yadda lissafi ya faɗa. Motsin dutsen kuwa bai kai abin da aka lissafa ba, musamman a makonnin farko. Dalili shi ne tsagogin sun shanye kumburin: kafin dutse ya tura maƙwabcinsa sai ya fara rufe giɓin da ke tsakaninsu. A wurin kuma aka auna ruwan da ke tsattsafowa. Da yake ruwan kaɗan ne ƙwarai, yana bushewa a jikin bango kafin a tara shi, sai suka toshe wani yanki na hanyar, suka riƙa auna laimar iskar da ke fita. Daga 1980 wasu ƙasashe suka shigo cikin aikin, aka ci gaba har 1992.

Gwaji na biyu a Amurka aka yi, a hamadar Nebada, cikin wani dunƙulen giranit mai suna Climax, zurfin mita 420. Ma'aikatar bincike ta Lawrence Livermore ce ta gudanar da shi. Tun wajen haƙa aka fara awo. An fara haƙa hanyoyi biyu a jere, aka kafa sandunan awo cikin dutsen da ke tsakaninsu, sa'an nan aka haƙa ta uku a tsakiya ana duban yadda dutsen yake amsawa. A wurare da dama abin da sanduna suka nuna ya saɓa wa lissafin da aka yi tun farko, domin lissafin ya ɗauki dutsen tamkar dunƙule lafiyayye, alhali tsagogi da tsofaffin karaya sun ratsa shi.

A shekara ta 1980 aka sauko da tulu 11 ɗauke da sandunan uraniyom na gaske, waɗanda suka gama aiki a wata tashar lantarki ta jihar Fulorida, aka saka kowane cikin raminsa a daɓen hanyar tsakiya. Tsakaninsu aka jera wasu tulu 6 masu ɗumi na lantarki, zafinsu daidai da na sandunan, amma ba su da tururi. Hikimar a bayyane take: duk bambancin da aka gani tsakanin dutsen da ke kewaye da waɗannan da wanda ke kewaye da waɗancan, to aikin tururi ne. Na'urorin awo ɗaruruwa suka yi shekara uku suna aiko da labari dare da rana. A 1983 aka fid da tulunan duka lafiya, aka yanko dutsen da ke bakin ramukan aka gwada ƙarfinsa. Ba a sami wani bambanci mai girma ba tsakanin wanda ya sha zafi kaɗai da wanda ya sha zafi da tururi. Watau abin da mutane suka fi tsoro, shi ne ya fi ƙarancin taɓa jikin dutsen. An kuma koyi wani darasi da ba a nema ba: da yawa daga cikin na'urorin awon sun lalace saboda zafi da laima, sai da aka sake su. Ashe shi kansa ma'auni yana bukatar mai duba shi.

Gwaji na uku, na ƙasar Kanada, shi ne ya fi ba da mamaki. A lardin Manitoba akwai giranit na Lac du Bonnet, wanda can ƙasa kusan ba shi da tsaga ko kaɗan. A farkon shekarun 1990, a zurfin mita 420, aka kewaye wani wuri da kayan awo tukuna, sa'an nan aka haƙa hanya mai zagaye, faɗinta mita 3 da rabi. Ba a sa nakiya ba, da huda da ɓanɓara aka yi aikin, don kada a ce fashewa ce ta raunana dutsen. Duk da haka rufi da daɓe suka riƙa ɓarewa falle falle, har suka yi kwarmi mai tsini sama da ƙasa. Awo ya nuna cewa a wurin matsin da ke zuwa daga gefe ya ninka wanda ke zuwa daga sama sau biyar ko fiye, kuma dutsen ya fara karyewa tun matsin yana kusan rabin abin da guntunsa ya jure a ɗakin bincike. Kunnuwan da aka manna sun ji dubban ƙananan fashewa tun kafin ido ya ga kome. Daga nan injiniyoyi suka riƙe ƙa'ida biyu: a san ta inda matsi yake zuwa kafin a zaɓi inda hanya za ta fuskanta, kuma kada a ɗauki ƙarfin guntu a ce shi ne ƙarfin tsauni.

In an tattara sakamakon wuraren nan uku, magana ɗaya suke yi. Tafiyar zafi cikin giranit ana iya lissafa ta a dace. Tururi ba ya yi wa jikin dutsen wata babbar illa. Amma motsin dutse da hanyar ruwa suna bin tsagogi da matsin kowane wuri, kuma babu wurare biyu da suke daidai. Awon Suwidin ba ya isar wa Kanada, na Kanada ba ya isar wa Azbin. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a wurin da za a yi aikin ake gwadawa.

Ƙasashen da suka bi wannan hanya da haƙuri su ne suka yi nisa. Finlan ta fara haƙa ramin Onkalo a tsibirin Olkiluwoto a 2004, da farko don bincike, ta ba da izinin gina ma'ajiyar a 2015, a 2024 kuma aka fara gwajin aikin da tulunan da babu shara a ciki, a zurfin da ya wuce mita 400. Tsarin da take bi tare da Suwidin bai dogara ga dutse kaɗai ba. Ana barin sanduna su huce cikin ruwa shekaru masu yawa, a saka su cikin tulun jan ƙarfe mai kaurin santimita 5, a kewaye tulun da wani yumɓu mai kumbura in ya sha ruwa, sa'an nan dutse ya zama katanga ta ƙarshe. An ƙayyade cewa zafin yumɓun kada ya kai digiri 100, kuma awon yadda dutse yake kwashe zafi shi ne yake faɗin tazarar da za a bari tsakanin tulu da tulu. A Suwidin, wata kotu ta nemi ƙarin hujja a 2018 a kan ko jan ƙarfen zai jure, sai a 2022 gwamnati ta amince da ma'ajiyar Forsmark, aka fara gini a 2025. Daga gwajin Stripa zuwa fara wannan gini shekara 48 ke nan. Faransa kuwa, wadda ta daɗe tana sayen uraniyom ɗin Nijar, ta nemi wurin gwaji cikin giranit, jama'ar yankunan suka ƙi, ta janye a shekara ta 2000, ta mai da hankali ga yumɓun Bure a gabashin ƙasar.

Sahara ma tana da nata labarin giranit, kuma mai ɗaci ne. Daga 1961 zuwa 1966 Faransa ta tayar da bam na nukiliya 13 cikin tsaunin Tawrirt Tan Afella, kusa da In Ekker, arewa da Tamanrasat a ƙasar Aljeriya. An haƙa hanya mai lanƙwasa da nufin ta toshe kanta in bam ya tashi. Ranar 1 ga watan Mayu 1962, a gwajin da aka sa wa suna Béryl, toshiyar ba ta riƙe ba. Narkakken dutse da gajimaren ƙura mai guba suka fito waje, suka sauka kan sojoji da ma'aikata, har da ministoci biyu na Faransa, Pierre Messmer da Gaston Palewski, waɗanda suka zo kallo. Gaskiya ne bam dabam, ajiyar shara dabam. Amma a nan ma an dogara ga lissafin da ba a tabbatar ba, kuma makiyayan yankin ba wanda ya nemi shawararsu.

Ina ruwan Nijar da wannan duka, tun da ba ta da tashar nukiliya? Ruwanta a wuri uku yake. Na farko, ƙasa mai faɗin hamada da tsaunukan giranit ba za ta rasa masu kwaɗayin mai da ita juji ba. An ga abin da ya faru a Koko ta Nijeriya, inda a 1988 aka gano gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta haramta shigo da irin wannan shara cikin Afirka, har da ta nukiliya. Duk wanda ya zo da zancen cewa dutsen Azbin mai ƙarfi ne, ba kowa a wurin, ma'aikacin da ya san labarin Manitoba yana da amsar da zai ba shi.

Na biyu, ƙasar tana da tata sharar tun yanzu. Uraniyom ɗin Arlit cikin dutsen yashi yake, ba cikin giranit ba, kuma abin da ya rage bayan tacewa bai kai sandunan tasha haɗari ba ko kusa. Amma yana da yawa, yana kuma daɗewa. Kampanin COMINAK, wanda ya haƙa ramin Akuta daga 1978 har ya rufe ranar 31 ga watan Maris 2021, ya bar tudun dusar ma'adini na wajen tan miliyon 20. Radiyom ɗin da ke ciki sai ya shekara 1600 kafin rabinsa ya gushe. Rufe tudun da yumɓu da duwatsu mataki ne, amma awon ruwan ƙarƙashin ƙasa da na iska, shekara bayan shekara, shi ne zai nuna ko rufin ya riƙe. Tun da gwamnati ta mai da SOMAIR hannun ƙasa a 2025, nauyin irin wannan awo ya ƙara komawa wuyan ƴan ƙasa.

Na uku, a shekara ta 2025 Nijar ta sa hannu kan takardar fahimtar juna da Rasha game da amfani da nukiliya ta hanyar lumana. In har wata rana aka kunna tasha a ƙasar nan, daga ranar za ta fara tara sandunan da sai an nema musu makwanci. Tun ran gini tun ran zane: ƙasar da ta ga Suwidin ta shafe kusan rabin ƙarni tana awo ba za ta jira sai shara ta taru ta fara neman masu auna dutse ba.

Abin da ya kamata a yi ba ya bukatar dukiya mai yawa a farko. Akwai makarantar EMIG a Yamai, akwai makarantar ma'adinai ta Agadas, akwai cibiyar binciken tururin nukiliya a jami'ar Abdu Mumuni. Ya dace a ware ɗalibai kowace shekara su ƙware a ilimin halin dutse da na ruwan ƙarƙashin ƙasa, a tura wasu su ga ramukan gwaji na ƙasashen waje da idonsu. Ya dace ma'aikatar ruwa da ta ma'adinai su tattara bayanin kowace rijiyar burtsatse da aka haƙa cikin giranit, zurfinta, inda aka tarar da tsaga, yawan ruwan da ta ba da, a adana shi wuri ɗaya. Wannan bayani ko ba a taɓa gina tasha ba zai amfani garuruwa irin Damagaram da suka daɗe suna fama da ƙishirwa. Ya dace kuma hukumar da ke sa ido kan nukiliya ta kasance da kayan awonta na kanta, kada ta tsaya ga alƙaluman kampanin da take dubawa. Sakamakon awon ruwan Arlit da Akokan kuwa a riƙa buga shi da Hausa da Tamajak da sauran harsunan ƙasa, a karanta a rediyo, a kai shi azuzuwan yaƙi da jahilci, domin mutanen da suke shan ruwan su ne suka fi kowa hakkin sanin abin da ke cikinsa.

Allah ya hore wa ƙasar nan arzikin ƙarƙashin ƙasa. Ya rage ga magabata su tanadi ƴaƴan da za su iya sauka cikin rami da ma'auni a hannu, su dawo su faɗa wa jama'a abin da suka gani, ko ya yi daɗin ji ko bai yi ba.